Yadi Takwas Na Ulu Da Na Ɗinka Wa Angon Ƙanwata

Masu turo mini saƙo kuna cewa ni baiwar Allah ce mai haƙuri, don Allah ku dakata da yabon nan har ku karanta na yau. Wadda ta rubuto ta ce da ita ce da ta yi wurgi da allurar ta fice daga shagon, ki sani kin fi ni tsarkin zuciya. Ni ban yi wurgi da ita ba. Na zauna na yi ɗinkin har ƙarshe, kuma abin da na ɗinka ne ya sa nake wannan rubutun yau.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Ishbel, shekarata ashirin da takwas. Ni da Mama muke da shagon ɗinkin kilt a Aberfeldy, wani ƙaramin gari mai sanyi a ƙasar Turawa, a saman shagon muke kwana. Kilt shi ne zanen ulun da mazanmu ke ɗaurawa ranar aure da ranar jana'iza, yadi takwas a jikin mutum ɗaya, a tattara shi ninki kan ninki ta baya, kuma da hannu ake ɗinka shi kaf. Tun da ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa wa Mama yatsu, ni ce hannun shagon.

Rhona kuwa 'yar ƙanwar Mama ce. Tana da shekara shida uwarta ta rasu, aka kawo ta gidanmu, gado ɗaya muka kwanta har muka girma. Ban taɓa kiranta da komai ba sai ƙanwata. Angonta, Innes, shi ne wanda shekara huɗu da suka wuce ya tsaya a bakin gadar garinmu ya ce in bi shi Kanada. A lokacin wata biyu ke nan da binne Baba, Mama ko maɓalli ba ta iya sawa. Na ce ya ba ni shekara ɗaya. Ya ce zai jira ni. Shekara ɗaya ta zama uku, ya dawo gida, ya tarar Rhona ta zama mace, ni kuma ina nan a kan kujerar da ya bar ni.

Mama ce ta ce ni zan ɗinka masa kayan aure.

"Mama, a kai wa wani shagon mana. Ba mu kaɗai ne maɗinka a ƙasar nan ba."

"A ce 'yar gidan nan za ta yi aure, angonta ya sa ɗinkin wasu? So kike garin nan su ce har yanzu abin na cin ki?"

"In yana ci na fa?"

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Sai ki haɗiye. Mu ma mun haɗiye namu."

Ranar da Innes ya zo awo, cikin watan Maris, ruwa ake tafkawa. In za a auna tsayin kilt, sai namiji ya durƙusa gwiwa biyu a ƙasa. Shekaru na yi ina mafarkin ranar da Innes zai durƙusa a gabana ya nemi aurena, kamar yadda ake yi a nan. Ga shi ya durƙusa, gashinsa na ɗigar da ruwa a kan dardumarmu, ni kuma igiyar awo ce a hannuna.

"Kin rame, Ish."

"Kai kuma ka ajiye tumbi. Ɗaga hannu."

Ya yi dariyar nan tasa da take fara fitowa ta hanci. Na rubuta lambar ba tare da na kalle shi ba.

"Wane irin yadi za mu ɗauka? A Yuli ne bikin, kin san ni da zafi ba ma ga maciji."

Ulu iri uku ne a shagonmu. Akwai mara nauyi, akwai matsakaici, akwai mai nauyin da ake hawa duwatsu da shi a tsakiyar hunturu. Bakina ya riga tunanina.

"Mai nauyi. Shi ne yake zama a jiki, shi ne yake fita a hoto. Mara nauyin ai na 'yan rawa ne."

"Yadda kika ce. Ke ce gwana."

Ban tsaya nan ba. Na haɗa masa da kwat ta ulu mai kauri, da falmaran, da doguwar safa, da babban mayafin da ake maƙalawa a kafaɗa ya zubo har bayan gwiwa. A raina na ce, kai ma ka ɗan ɗanɗana. Wallahi iyakar abin da na nufa ke nan, ya yi gumi, ya takura na awa biyu. Yulinmu ai ruwa ne da iska, wa ya taɓa tunanin wani abu?

Sati uku na yi a kan kilt ɗin. Ban taɓa yin aiki mai kyaunsa ba.

Duk tsawon lokacin nan Murdo yana zuwa. Likitan dabbobi ne, ya girme ni da shekara bakwai, mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, kullum yana warin sabulun magani. Ranar Juma'a yakan kawo wa Mama ƙwai daga gonakin da ya zaga, ya gyara mana famfo, ya sha shayi kofi biyu, ya ce "To, bari in gudu," ya ƙara minti ashirin a tsaye a bakin ƙofa. Ba shi da laifin da zan nuna. Da yana da shi da na samu sauƙi.

"Shekara biyu mutumin nan yana zarya," in ji Mama, tana shafa man zafi a yatsunta. "Ya gaya mini ranar bikin Rhona zai nemi aurenki, bayan rawar farko. Kada ki kunyata ni a gaban mutane, Ishbel."

"Wato ke ya fara tambaya."

"Ni ce mai ba shi amsa in ya yi magana. Ke sai kallon taga."

Sai ga satin bikin ya zo da zafin da ko tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Kwaltar titi ta yi laushi tana kama takalmi. Tumaki suka taru a gindin katanga suna haki. Fanka ta ƙare a duk shagunan garin. Gidajenmu kuwa don riƙe ɗumi aka gina su, sai ga shi ɗakinmu na sama ya koma tanda. Kullum sai na duba hasashen yanayin Asabar, ranar bikin, a waya, kullum zafin ƙaruwa yake. Sau biyu na ɗauko matsakaicin yadi na shimfiɗa a kan tebur, sau biyu na mayar. Kwana huɗu ba su isa ɗinkin kilt ba, haka na gaya wa kaina. Amma cewa ya bar kwat da mayafin a gida ai ba ya cin ko minti ɗaya.

Da safiyar Asabar Rhona na zaune gaban madubin Mama, an ɗaure mata gashi da fararen furanni, ta ɗora ledar wake mai ƙanƙara daga firji a bayan wuyanta. Rigarta siririya ce, kafaɗa a buɗe, iska na shiga ta ko'ina. Ni kuma ina cikin shuɗiyar rigar babbar ƙawa, ina ɗaure mata maɓallan baya guda talatin da biyu. Wayata ta yi ƙara a kan gado.

Innes ne. "Ish, dahuwa nake yi. Tun yanzu rigar ciki ta jiƙe, kaina na sarawa. In cire falmaran da mayafin? Ba mai lura."

Na rubuta, "Cire, ka sha ruwa da yawa." Yatsana na kan aikawa Rhona ta kamo idona ta cikin madubi.

"Kin san me ya ce mini jiya? Wai bai taɓa sanin mene ne so ba sai a kaina. Wai duk na baya wasan yara ne." Ta rufe baki tana dariya, sai kuma ta tuna da wa take magana. "Au. Yi haƙuri, Ish, ba haka nake nufi ba."

"Tsaya daidai, maɓallin zai karkace."

Na goge abin da na rubuta. Ga abin da na aika, kalma da kalma, don har yanzu yana cikin wayata: "Kada ka soma. Rhona za ta lura, Mama ma haka. Awa ɗaya ce kawai, kai ba yaro ba ne."

Ya amsa da, "An gama, ranki ya daɗe," da fuskar dariya.

Tsohuwar motar da aka ɗauko don amarya ta tafasa a kan hawan coci, hayaƙi ya turnuƙe. Minti arba'in muka yi a gefen hanya kafin a kawo wata. Duk wannan lokacin maza suna tsaye a farfajiyar cocin, ba inuwa, ƙarfe ɗaya na rana, abokan ango na miƙa wa juna 'yar kwalbar giyar wiski maimakon ruwa. Da muka iso na ga yawancinsu sun tuɓe kwat sun rataya a kan katanga. Har dattijon da ke busa algaitar salka ya rage daga shi sai farar riga. Innes kaɗai ne yake nan cif, kwat a ɓalle, falmaran a ɓalle, mayafi a kafaɗa, kamar hoton da muke ajiyewa a tagar shago.

Mama ta matse hannuna. "Dubi aikinki. Duk garin nan sai sun yi zancensa."

Cikin cocin ya fi waje. Tagoginsa masu launi ne, ba a buɗe su. Mata sai fifita suke da takardun waƙa, kwalliya na narkewa a fuska. Ina tsaye bayan Rhona riƙe da furanninta, taku uku tsakanina da shi. Fuskarsa ta yi jawur, amma a bushe take. Mutumin da ɗazu ya ce ya jiƙe, yanzu ko ɗigon gumi babu a goshinsa. Na lura da wannan. Na mai da idona kan furannin.

Fasto ya karanta alkawari, ya ce Innes ya maimaita. Ya buɗe baki, sai wasu kalmomi suka fito da ba su da kai ba su da gindi. Wani a baya ya yi dariya, a zatonsa tsoron aure ne. Innes ya miƙa hannu kamar mai laluben bango a cikin duhu, ya tafi ta baya gaba ɗaya. Ƙeyarsa ta sauka a gefen matakalar dutse. Wannan ƙarar ba za ta bar kunnena ba.

Kafin kowa ya motsa Murdo ya tsallake benci biyu. Ya fizge mayafin ya jefar, ya ɓalle kwat da falmaran, ya zare safar, ya sassauta maɗaurin kilt ɗin, yana ba da umarni a hankali kamar yana cikin garke.

"Ruwa, duk wanda ke akwai. Ku je otal ɗin da za a yi liyafa ku kwaso ƙanƙara. A buɗe ƙofofin nan. Rhona, riƙe kansa, kada ki bari ya motsa."

Suka juye masa ruwan tulunan furanni. Jini ya bi ruwan ya shiga farar rigar Rhona. Jikinsa ya fara karkarwa. Ni ina tsaye da furanni a hannu, ban ajiye ba, ban matsa ba, har motar asibiti ta zo ta tafi da shi da amaryarsa.

Murdo ne ya kai mu asibitin Perth, ni da Mama. Awa uku muka yi a kan kujerun roba, 'yan biki cike da baranda cikin kayan ado. Rhona tana ciki. Daga baya wata likita ta fito ta ce zafi ya yi masa illa sosai, ƙodarsa ba ta aiki yadda ya kamata, akwai kuma ɗan jini a cikin kai. Sun sa shi barci da na'ura. Kwana biyu masu zuwa ne za su nuna.

"Me ya hana shi cire kwat ɗin nan?" in ji mahaifinsa, yana murza hula a hannu. "Kowa ya cire. Na ce masa ya cire, ya ce ya yi alkawari. Wa ya yi wa alkawari?"

Na tashi na fita.

Ƙarfe shida ta wuce amma rana na nan a sama. Na tsuguna a tsakanin motoci biyu, na yi amai har sai da ba abin da ke fitowa. Da na ɗago, takalman Murdo ne a gabana, da gorar ruwa. Farar rigarsa duk jini, gwiwoyinsa sun yi baƙi da dattin ƙasan coci.

"Sha."

"Ni ce, Murdo."

"Sha tukuna."

Na ƙi sha. Na gaya masa komai, tun daga ranar awo. Na buɗe saƙon na miƙa masa wayar. Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini. So nake ya zage ni. So nake ya shiga ya faɗa wa kowa, a fito da ni a jefe ni da takalma.

"Ba ki sa rana ta fito ba," ya ce. "Ba ki lalata motar ba, ba ki ba shi wiski ba."

"Na san kansa na ciwo."

"Kin sani." Bai yi ƙoƙarin rage mini wannan ba. Ya jingina da mota. "Kin zata ban san kina son sa ba? Duk ranar da aka ambaci sunansa a shago sai kin soke yatsa. Na ƙirga."

"To me kake yi a ƙofarmu duk Juma'a?"

"Jira."

Na tsani kalmar nan, na tsane ta fiye da kowace kalma a duniya. Ya buɗe jakar fatar da ke rataye a gaban kilt ɗinsa, ya ciro ɗan ƙaramin akwatin zobe. Bai durƙusa ba.

"Ba haka na shirya ba. Na biya mai algaita ya yi mana wata waƙa. Kuma kada ki ɗauka ciniki nake yi da ke, ko kin ce e ko kin ce a'a, abin da kika gaya mini a nan zai tsaya. Amma ko ya tashi ko bai tashi ba, kaya ne da ba za ki iya ɗauka ke kaɗai ba. Ni na saba ɗaukar abu mai nauyi."

Ku da kuke karantawa, kada ku ce na so shi a wannan minti. Ban so shi ba. Abin da na gani shi ne, in na auri Murdo, ba wanda zai sake kallona ya tuna da Innes. Na kuma ga cewa macen da ta yi abin da na yi ba ta cancanci ta zaɓa ba. Na mai da mutumin kirki gidan yarina, shi kuma yana murmushi.

"To," na ce.

Zoben ya yi mini yawa kaɗan. Yana cikin gyara shi Mama ta fito nemana. Ta ga hannuna, ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata.

"Allah na gode maka. Ko ba komai yau ba ta tafi a banza ba." Ta rungume Murdo, ta rungume ni, tana raɗa mini a kunne, "Kin yi hankali, 'yata. Babanki zai ji daɗi."

A kan kafaɗarta na hango Rhona ta fito daga ƙofar asibitin. Ba takalmi a ƙafarta. Furannin kanta sun yanƙwane, gaban rigarta ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Tana rungume da babbar leda, irin wadda asibiti ke zuba kayan mara lafiya a ciki, kuma kai tsaye wurinmu ta nufo.

Akwai abin da ban gaya wa Murdo ba, ku ma ban gaya muku ba. A cikin ƙugun kowane kilt akwai wani farin yadi mai tauri da ake sawa don ya riƙe nauyin ninkin, sannan a rufe shi da baƙin shafi. In an rufe, ba mai sake ganinsa, sai dai bayan shekara talatin in an zo gyara. Ranar da zan rufe na Innes, na ɗauki jan zare na yi rubutu a kan farin yadin nan. Ban yi don ya gani ba. Na yi ne don ya tsaya a gaban fasto da maganata a ɗaure a bayansa.

A cikin motar asibiti, da almakashi suka raba shi da kilt ɗin.

Rhona ta tsaya a gabanmu. Ta zaro guntun ulun daga ledar, shafin a yage yana lilo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ciro ne don in ji ƙanshinsa," ta ce. "Ba sa bari in taɓa shi, sai wayoyin na'ura ko'ina a jikinsa."

"Zo nan, 'yar nan, zo ki zauna," in ji Mama.

"Anti, idona ya kumbura, ba na gani sosai. Ki karanta mini wannan."

Mama ta laluba gilashinta ta sa, ta karɓi yadin, ta matso da shi kusa da fuska. Ta karanta a bayyane, a hankali, don ba ta gane me take karantawa ba sai da ta kai ƙarshe.

"Ka ce za ka jira ni."

Hannun Murdo da ke bayana ya sauka.

Rhona ta dubi zoben da ke yatsana, ta dubi fuskata. Da hannu ɗaya ta ciro wayar Innes daga cikin ledar, gilashinta a fashe.

"Ɗinkinki ne, Ish. Ke kika koya mini irinsa ina 'yar shekara tara," ta ce. "Na san lambar buɗe wayar nan, amma ban buɗe ba tukuna. Babansa ya ce mini alkawari ya yi. Ke za ki gaya mini wa ya yi wa alkawarin ba zai cire kwat ba, ko in duba da kaina?"